KWANA 19 KAFIN JARRABAWA: LITTAFI A HANNU, BABA A GADON ASIBITI

Wannan jawabi ne da wani ɗan uwa likita ya gabatar a zaman matasa ɗalibai, inda aka nemi ya yi magana a kan jarrabawar da ake yi wa waɗanda suka karanta likitanci a ƙasashen waje kafin a ba su izinin aiki a Nijeriya. Mun rubuto muku shi kamar yadda ya fito daga bakinsa, illa 'yan gyare-gyare. A sha karatu lafiya.

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (S) da alayensa da sahabbansa.

'Yan uwa, da aka kawo mini takardar gayyata aka ce in yi magana a kan wannan maudu'i, na ce wa wanda ya kawo ta, kun rasa wanda za ku kira ne sai wanda ya taɓa faɗuwa? Sai ya ce ai saboda haka ne muka kira ka. To shi ke nan, na karɓa.

Da farko, saboda 'yan uwan da ba fannin likita suke ba, bari in fayyace abin da ake magana a kai. A ƙasar nan akwai wata majalisa da doka ta kafa tun 1963, ana ce mata MDCN, ita ke riƙe da rajistar likitoci da likitocin haƙori. Duk wanda sunansa ba ya cikin wannan rajista, ko da ya zo da takardun digiri cike da buhu, doka ba ta yarda ya duba maras lafiya a matsayin likita ba. Wanda ya yi karatu a gida, a Zariya ne, a Bayero ne, a Sakkwato ne ko Maiduguri, in ya ci jarrabawar ƙarshe ta makarantarsa sai a rantsar da shi a ba shi izini na wucin gadi. Amma wanda ya yi a waje, Sudan ko Masar ko Yukiren ko Sin ko Indiya, to shi sai ya dawo ya zauna wata jarrabawar daban ta majalisar, wadda galibi sau biyu ake yin ta a shekara. In ka ci, sannan ka yi shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, wata uku-uku a sassa huɗu, wato cututtukan manya, tiyata, yara, da sashen mata da haihuwa. Sannan cikakken lasisi. In ba ka ci ba kuwa, kana nan zaune a gida. Unguwa duk ana ce maka Dokta, amma ba ka da ikon ka sa hannu a takardar magani ta asibiti.

Ita jarrabawar akwai ɓangaren kwamfuta, tambayoyi da amsoshi ka zaɓi ɗaya. Akwai hotuna da za a nuna maka a ce mene ne wannan. Sannan akwai wadda ɗalibai ke ce wa oski, ita ce ta aiki da hannu. An jera tashoshi, kowace tasha 'yan mintoci ne, a wannan a ce duba cikin mutumin nan, a waccan a ce yi wa matar nan bayanin ciwonta, malami na zaune da takarda yana kallon ka. Ƙararrawa na kaɗawa ka tashi, ka gama ko ba ka gama ba.

Kuma ba jarrabawar wasa ba ce. A zaman da aka yi a Kano cikin watan Nuwamba na 2023, mutum 836 suka zauna, 433 suka faɗi. Sama da rabi ke nan. Kowane ɗaya daga cikin 433 ɗin nan akwai gida a bayansa, akwai wanda aka sayar da gona aka tura shi, akwai wanda ya tsallako yaƙi. Kun san abin da ya faru da 'yan uwanmu ɗalibai na Yukiren a 2022, da na Sudan bayan yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, yadda aka kwaso su a motoci zuwa iyakar Masar da Fot Sudan.

To ni a Sudan na yi karatu, kuma Allah Ya sa na gama kafin wannan fitina. Ni ne ɗan fari a gidanmu, mu tara ne. Mahaifina ɗan kasuwar hatsi ne, ba mai kuɗi ba, mai rufin asiri. Shekara shida yana tura mini kuɗin makaranta, sai bayan na dawo na san cewa rabin jarinsa ya tafi a nan, bai taɓa faɗa mini ba. Na yi rajistar jarrabawa, na tsara karatuna, amma in faɗa muku gaskiya, watannin farko na ɓata su a gaishe-gaishe da ɗaurin aure da zaman majalisa. Ina cewa ai na san abin nan, wata ɗaya ya ishe ni in yi bita.

Saura kwana 19, da asuba Baba ya tashi zai yi alwala, buta ta faɗi daga hannunsa. Ƙanena ya zo a guje ya tashe ni. Ina ganin sa na san mene ne, baki ya karkace, hannun dama ba ya ɗaguwa, magana ba ta fita. Shanyewar ɓarin jiki. Da aka auna jininsa a asibiti, lambar da na gani har yau ba na son tuna ta. Ashe ya daɗe da hawan jini, yana shan magani in kai ya yi ciwo, in ya daina ya ajiye. Ina gida wata da watanni, likita a cikin gida, ban taɓa ɗaura masa abin awo a hannu ba. Wannan ita ce faɗuwata ta farko, tun kafin a shiga ɗakin jarrabawa.

Daga nan sai komai ya dawo kaina, ko in ce ni na jawo komai kaina. Ni ke bin kuɗin hoton ƙwaƙwalwa, domin sai an yi shi ake sanin jijiya ce ta toshe ko fashewa ta yi, kuma maganin biyun ba ɗaya ba ne. Ni ke sayo magani. Ni ke zuwa kasuwa bin waɗanda Baba ke bi bashi. Ni ke kwana a gefen gado, domin na ce ba wanda ya san yadda ake juya shi sai ni. In dare ya raba, sai in shimfiɗa tabarma a barandar ɗakin marasa lafiya, in kunna fitilar waya in buɗe littafi, ga sauro, ga kukan masu jinya. In haɗa kofi mai kauri a kofin roba in sha, in ƙara. Akwai daren da na karanta shafi ɗaya sau huɗu, na rufe littafin na tambayi kaina me na karanta, wallahi ko kan maganar ban tuna ba. Amma zuciyata na ce mini ai kana ƙoƙari, dubi yadda kake wahala. Ku lura da wannan, 'yan uwa. Wahala daban, karatu daban. Mutum na iya shan wahala a gaban littafi har gari ya waye bai karanta komai ba.

A wannan tsakanin ne wani ya kira ni a waya, ban san inda ya sami lambata ba, ya ce yana da tambayoyin da za su fito, in tura masa kuɗi. Ba zan ce muku raina bai raya mini ba. Abin da ya tsare ni biyu ne. Na ɗaya ba ni da kuɗin. Na biyu, ina zaune ina kallon likitan da ke duba mahaifina, sai na ce wa kaina, da a ce wannan sayen lasisinsa ya yi, za ka yarda ya taɓa Baba? Galibin masu irin wannan kira ma 'yan damfara ne, su karɓe kuɗinka su kashe waya. Amma ko da gaske ne, wannan takarda ta izinin riƙe rayukan mutane ce, wanda ya same ta ta ɓarauniyar hanya, duk ran da ya salwanta a hannunsa saboda jahilci yana wuyansa.

Ranar jarrabawa na shiga da kusan kwana biyu ban runtsa ba. A kwamfuta ina karanta tambaya, in zo ƙarshenta na manta farkonta. A oski na shiga wata tasha aka ce duba cikin wannan mutum. Ban yi masa sallama ba, ban faɗa masa ko ni wane ne ba, ban nemi izininsa ba, kawai na kai hannu. Abin da ɗan aji huɗu ya sani, kuma duk maki ne. A wata tashar aka ba ni labarin mace mai ciki da ke jijjiga, jininta ya hau. Na san maganin, magnesiyam salfet. Malamin ya ce nawa za ka ba ta? Giram 4 ta jijiya a hankali, da giram 10 ta tsoka, biyar a kowane ɓangare. Yau ko daga barci kuka tashe ni zan faɗa muku. A ranar nan lambar ta ɓace mini ɓat, na tsaya ina kallon sa har ƙararrawa ta kaɗa.

Sakamako ya fito babu lambata. Kuma ina so ku ji wannan da kyau, ba a zalunce ni ba. Da ni ne ke riƙe da takardar makin, ni ma ba zan ba wannan mutumin da ya shigo ranar nan izinin duba matar wani ba. Akwai wani bincike da aka yi a Ostareliya a 1997 da ya nuna cewa wanda ya yi awa 24 ido biyu, aikinsa da saurin lurarsa sun yi daidai da na wanda giyar da ke jininsa ta haura haddin da doka ta yarda a tuƙa mota da shi a ƙasashe da yawa. Wato ni da ban taɓa kusantar giya ba, na shiga ɗakin jarrabawa a matsayin mashayi.

Na yi mako guda ban faɗa wa kowa a gida ba. Mahaifiyata ce ta gane. Kun san al'adarmu, ba ta kiran sunana tunda ni ne na fari. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Kai, abin nan bai yiwu ba ko?" Na ce bai yiwu ba, Inna. Ba ta ce komai ba ta juya. Da yamma sai ga Kawu, yayanta, ashe aika masa ta yi. Ya zauna ya ce, "Ku nawa ne maza a gidan nan da suka isa aike?" Na ce mu huɗu. Ya ce, "To su ukun ka rantse ne ba za su sami ladan jinyar ubansu ba? Kai kaɗai ya haifa?" Na ce Kawu ba su iya ba ne. Ya ce, "Kai da aka tura ka shekara shida, ba ka iya koya wa ƙanenka yadda ake juya mutum a gado ba, me ka koyo?"

Maganar ta yi mini zafi, amma gaskiya ce. Abin da na ɗauka biyayya ce ga mahaifi, akwai girman kai a cikinsa, in nuna ni ne likitan gida, ni ne babba. Washegari na tara ƙannena. Cikin awa ɗaya na koya musu abin da nake ta riƙewa. A juya shi duk awa biyu don kada fatar baya da ta ƙugu ta yi gyambo. Kada a ba shi abinci ko ruwa yana kwance, sai an zaunar da shi, kaɗan-kaɗan, in ya ƙware ko ya yi tari a tsaya, domin abin da ya sauka a huhu shi ke jawo ciwon da ke kashe da yawa daga cikin masu wannan lalura. A motsa masa hannu da ƙafa safe da yamma. A ba shi maganin hawan jini kullum, ko yana jin daɗi ko ba ya ji. Ƙanena mai shekara 16 ya fi ni haƙurin yin wannan aiki, na gani da idona.

Zama na biyu, ta wajen kuɗi ya fi na farko tsanani. An cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, kun san yadda kuɗin mota da na magani suka yi tashin gwauron zabo daga nan. Shagon Baba kusan a rufe yake. Kuɗin sake rajista, Inna ta sayar da tumakinta biyu, wasu 'yan uwa suka yi karo-karo suka cika. Wasu a cikinsu suna zaune a nan, ba zan kira suna ba. Ni kuma da rana ina zaman shago. Saboda haka kada wani ya ɗauka na sami hutu ne na ci. Cikakken lokacin da na samu na karatu zalla bai wuce mako uku ba, kamar na farko. Yadda na yi da mako ukun ne ya bambanta.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Haka ne. Mako uku ba zai sa maka ilimin shekara shida a kai ba, wanda bai yi karatu a makaranta ba, babu dabarar da zan ba shi yau. Aikin ƙurarren lokaci shi ne ka tattaro abin da ke cikin kanka ka jera shi inda hannu zai kai. Sai na ajiye manyan littattafan nan masu shafi dubu biyu. Na tambayi kaina, me ke kashe mutanenmu? Domin masu jarrabawar nan likitocin asibitocinmu ne, abin da suke gani kullum shi suke so su tabbatar ka iya. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke. A ƙididdigar 2020, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu wajen ciki da haihuwa a duniya 'yan ƙasar nan ne. To ka zauna ka ɓata dare a kan wata cuta da ake gani sau ɗaya a shekara goma a Turai, alhali ba ka san yaron da zazzaɓi ya sumar ana yi masa allurar atesunet nan take, a sake bayan awa 12, a sake a awa 24 ba? Zubar jini bayan haihuwa, jijjiga, sanƙarau, tarin fuka, sikila, tamowa, gudawa da amai a jikin yara, zazzaɓin Lassa, mashaƙo da ya addabi Kano a 2023, saran kububuwa irin wanda ake kai wa asibitin Kaltungo. Musamman ku da kuka yi karatu a ƙasashen sanyi, wasunku sun gama ba su taɓa ganin mai sikila yana murƙususu ba. Ku nemi asibiti ku riƙa bin zagayen safe, ko tsayuwa kawai za ku yi a baya.

Abu na biyu, na daina karatun kallo. A nan almajirai sun riga mu sani. Mai hadda ba ya zama yana kallon allo har dare, yana kifa shi ne ya karanto da ka, inda ya tuntuɓe ya duba, gobe ya sake, jibi ya sake. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada wannan a kansa ya buga a 1885, ya ga mafi yawan abin da mutum ya haddace sabo yana zubewa tun a ranar farko in ba a waiwaye shi ba. Tsangaya ba ta jira shi ba. Sai na koma amsa tambayoyin shekarun baya, littafi a rufe. Wadda na faɗi in rubuta ta a ƙaramin littafi, in sake ta bayan kwana ɗaya, in sake bayan uku. Mu huɗu muka haɗu, duk masu maimaici, muna yi wa juna oski da agogo. Wannan ya kwanta ya zama maras lafiya, wancan ya riƙe takarda ya zama malami, kuma ba sani ba sabo. In ba ka yi sallama ba a ce tashi, sake shigowa.

Lokacina kuwa salloli ne suka yanka mini shi. Bayan asuba zuwa hantsi tambayoyi, lokacin kai na sabo. Sannan shago. Bayan la'asar oski. Tsakanin magariba da isha'i na Baba ne, wannan ban ba kowa ba kuma ban kai littafi wurin ba. In zauna in matsa masa ƙafa, in auna jininsa, in gwada ƙarfin hannunsa, in ba shi labarin kasuwa. Maganarsa ba ta dawo sosai ba, amma yana ji. Ƙarfe goma da rabi in kwanta, ko na gama ko ban gama ba. Wannan shi ya fi yi mini wuya, domin zuciya na ce maka mutane na can suna karatu kai kana barci. Amma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke daddale abin da ka zuba mata da rana. Su kuma ƙwayoyin nan da wasu ke sha wai don su hana barci, har da taramol, ina roƙon ku don Allah. Na ga wanda ya fara don jarrabawa, jarrabawar ta wuce shi bai daina ba.

Daren jarrabawa ƙanena ne ya kwana wurin Baba, ni na yi barcin awa bakwai. A ɗaya daga cikin tashoshin aka ce in duba jijiyoyin ƙafar wani dattijo. Na yi masa sallama, na nemi izini, na kama ƙafar, sai na ji hannuna na yin abin da ya saba yi kowace magariba. Ba na cewa wannan tasha ce ta fid da ni, tashoshi da yawa ne. Amma a nan ne gabana ya daina faɗuwa. Da sakamako ya fito na je na durƙusa na faɗa wa Baba. Ya ɗaga hannun hagu, mai lafiyar, ya ɗora a kaina. Ya yi ta ƙoƙarin faɗin wata kalma ba ta fito ba.

To yanzu ku da ba likitanci kuke karanta ba, kada ku ce wannan magana ba taku ba ce. Akwai 'yan uwa a cikinmu yanzu haka da jarrabawa ke gabansu, ta lasisi ce, ta jami'a ce, ta malaman jinya ce, kuma akwai maras lafiya a gida ko babu abin sawa a tukunya, amma kunya ba za ta bar su su faɗa ba. Ni ma ban faɗa ba. Ana gaisawa da ni a masallaci a ce ya mai jiki, in ce da sauƙi, a wuce. Da a ce mutum uku sun zo sun ce mun karɓi kwanan asibiti na makon nan, je ka kwanta, wataƙila da ban yi asarar wata shida da tumakin Inna ba. Kada ka tambayi ɗan uwa ko yana bukatar taimako, zai ce maka a'a. Ka je da tabarmarka. Kuma kowannenku in ya koma gida, ya kai mahaifinsa da mahaifiyarsa a auna musu jini a makon nan, ko a kemis ne, minti biyu ne. Hawan jini sau da yawa ba ya ciwo, ba ya ba da sanarwa. Wanda aka ɗora a kan magani kuma, ba a ajiye shi don an ji sauƙi.

Waɗanda za su zauna jarrabawar majalisa mai zuwa su tsaya bayan an tashi, zan ba su ranakun da za mu riƙa yin oski, na kuma zo da ƙaramin littafin nan nawa na kurakurai ga mai son ya kwafa. Wanda ke da mai jinya a gida ko a asibiti ya rubuta sunansa a takardar da ke zagayawa, masu iya karɓar kwana su rubuta nasu a bayanta tare da daren da za su iya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba masu jarrabawa sa'a.